Ra'ayinmu: Yaron da ya yi aiki a Amurka ya cika takardar harajinsa, amma da sanin iyayensa

Daga ƙarshen watan Janairu zuwa 15 ga Afrilu, magana ɗaya ce ke yawo a gidajen ƴan Nijar mazauna Amurka, tun daga unguwar Bronx ta birnin Niyok har Greensboro a jihar Karolina ta Arewa: haraji. A wannan lokaci ne kowane magidanci ke tattara takardunsa ya bayyana wa IRS, hukumar harajin ƙasar, abin da ya samu a shekarar da ta wuce, ya biya cikon da ake bin sa ko a maido masa rarar da aka yanka. Mu na gida ma muna jin ɗumin lokacin, domin daga cikin kuɗin da ake maidowa ne wasu ke aiko na azumi, na gyaran rufi kafin damina, ko na makarantar ƙanne.

A cikin wannan hada-hada akwai wanda ake mantawa da shi: yaro ko yarinya mai shekara 15 zuwa 18 da ya yi aiki a babban hutu ko bayan tashi daga makaranta. Ya yi wanke-wanke a gidan abinci, ya jera kaya a kanti, ya tsaya a kan na'urar karɓar kuɗi. A kowane albashi an yanke masa wani abu. A ƙarshen Janairu takardar W-2 ta iso da sunansa, sai a jefa ta cikin durowa. Uba ya ce, "Ai na sa shi cikin takardata." Uwa ta ce, "Yaro ne, me ya haɗa shi da gwamnati?" A wani gidan kuma yaron ne ya ji abokai na cewa ana samun kuɗi, ya ɗauki salula ya cika takardar shi kaɗai a ɓoye, ya yi kuskure a layi ɗaya, kuɗin gidan gaba ɗaya suka maƙale.

Matsayin wannan jarida a bayyane yake. Duk yaron da aka yanke wa harajin samu a albashinsa ya cika takardarsa ya karɓi abinsa. Iyaye su ci gaba da sa shi cikin waɗanda suke ɗauke da nauyinsu in dai ya cika sharuɗɗa. Abubuwan biyu ba sa karo da juna, doka ta yarda da su tare. Abin da ke ɓata su shi ne kowa ya yi nasa ba tare da ya gaya wa ɗan'uwansa ba.

Dalilin da ya sa ake bin gwamnati kuɗi

Mun taso da sanin cewa lanho tafiya yake ba ya dawowa. Kakanninmu sun biya kuɗin kai da jangali, ba su taɓa jin an ce ga canji ba. Ma'aikacin albashi a Yamai ko Damagaram ya saba ganin an cire masa ITS da kason CNSS a takardar albashi, magana ta ƙare nan. Tsarin Amurka ya sha bamban. Abin da mai aiki ke yankewa kowane mako ƙiyasi ne kawai, lissafin gaskiya sai an cika takardar 1040 bayan shekara ta ƙare.

Ga yaro mai aikin hutu, wannan ƙiyasi kusan kullum yana wuce gona da iri, saboda na'urar biyan albashi tana ɗaukar kowane albashi kamar haka za a riƙa samu duk makonni 52 na shekara. A ɗauki misali. Yarinya ƴar shekara 17 ta yi aiki makonni 10 a hutun 2025, sa'o'i 40 a mako, a kan dala 15 kowace sa'a. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Ta samu dala 600 a mako, dala 6,000 gaba ɗaya. Na'urar ta lissafa ta kamar mai samun dala 31,200 a shekara, ta riƙa yanke mata wajen dala 33 a mako. A ƙarshen hutu an riƙe mata kimanin dala 330.

To amma doka ta ware wani kaso na samun kowa da ba a taɓa shi da haraji. Ga yaron da ke ƙarƙashin iyaye, a shekarar 2025 wannan kaso shi ne albashinsa a ƙara dala 450, ko dala 1,350 in ita ta fi yawa, muddin bai wuce dala 15,750 ba. A 2024 iyakar dala 14,600 ce, kuma adadin na canzawa kowace shekara. Ke nan yarinyar nan ba a bin ta ko sisi na harajin samu. Dala 330 ɗin nan nata ne, abin da ya kai jaka 180 zuwa 200 na sefa gwargwadon canjin ranar. IRS ba za ta aiko mata da su don kanta ba. Sai ta cika takarda ta nema.

Wanda bai nema ba yana da shekara uku, bayan haka kuɗin sun zama na baitulmalin Amurka. A farkon 2025 IRS ta sanar cewa fiye da mutum miliyan 1.1 ba su nemi rararsu ta shekarar 2021 ba, kuɗin da suka haura dala biliyan 1. Wannan ƙofa ta riga ta rufe. Wa'adin neman ta shekarar 2022 kuwa tsakiyar Afrilun 2026 ne. Duk matashin da ya yi aiki a cikin shekaru ukun da suka wuce bai cika komi ba, ya je ya buɗe durowar nan.

Kada kuma a yi wa yara alkawarin abin da babu. A takardar albashi akwai wani yanka na kashi 7.65 cikin ɗari, wato 6.2 na asusun fansho da 1.45 na inshorar lafiyar tsofaffi. Wannan ba ya dawowa. A misalinmu dala 459 ne. Amma ba a banza suka tafi ba: ana buƙatar maki 40 kafin mutum ya cancanci fansho, ana iya samun huɗu a shekara, kuma a 2025 kowace dala 1,810 ta albashi maki ɗaya ce. Yarinyar ta fara da maki uku tun ba ta gama sakandare ba. Sai kuma harajin jiha: Teksas da Fulorida ba su da shi, Niyok da Karolina ta Arewa suna da shi, kuma takardarsa daban ce, rararsa daban.

Akwati ɗaya da ke tsayar da kuɗin gida

A takardar 1040 akwai ƙaramin akwati da ke tambaya ko wani na iya sa ka cikin waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. A nan yawancin rigimar take. Yaro ya ga yana aiki, yana sayen takalminsa, yana biyan kuɗin salularsa, sai ya ɗauka ya zama mai cin gashin kansa, ya bar akwatin fayau. In ya riga iyayensa aikawa, na'urar IRS na iya maido da takardarsu, domin lambar soshiyal ɗin yaron ta riga ta shiga a matsayin wanda ba ya ƙarƙashin kowa. Gyara kuwa sai yaron ya cika wata takarda, 1040-X, wadda duba ta kan kai makonni 16.

A duba abin da ke tsayawa. A 2025 rangwamen da ake ba iyaye a kan kowane yaro da bai kai shekara 17 ba ya kai dala 2,200. Wanda ya kai 17 ko ya wuce, dala 500. Tallafin EITC na ma'aikata masu ƙaramin samu yana iya kaiwa dala 8,046 ga gida mai ƴaƴa uku ko fiye. Ga direban tasi ko mai kitso, wannan shi ne kuɗi mafi kauri da ke shigowa a dunƙule a duk shekara, an riga an yi masa lissafin haya da bashi da aike gida. Saboda dala 330 a tsayar da dubbai, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tambayar akwatin ita ce ko ana iya sa ka, ko da ba a sa ka ba. Ba zaɓin yaro ba ne, ba kuma zaɓin uba ba ne, sharuɗɗa ne. Yaron ya kasance bai kai shekara 19 ba a ƙarshen shekara, ko bai kai 24 ba in cikakken ɗalibi ne. Ya zauna tare da iyayen fiye da rabin shekara. Kuma kada ya zama shi ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa, wato abinci, kasonsa na hayar gida, sutura, magani, karatu da sufuri. A lura da kyau: yawan albashinsa ba ya cikin sharuɗɗan. Abin dubawa shi ne nawa ya kashe wa kansa. Wanda ya samu dala 10,000 ya ajiye su a banki yana nan ƙarƙashin iyayensa. Wanda albashinsa ne ke biyan hayarsa da cinsa, sai a zauna da alƙalami a yi lissafi, domin a gidajenmu da ake zuba kuɗi a tukunya ɗaya abu ne mai sauƙi a ƙetare rabin ba a sani ba.

Wani kuskuren kuma na iyaye ne: a ɗauki albashin yaro a haɗa da na uba a takarda ɗaya. Doka ba ta yarda ba. Albashin yaro a takardar yaro yake shiga, ko da shekararsa 14.

Riƙo, da ƴaƴan da ke gida

Akwai wurin da al'adarmu da dokar Amurka ba su faɗi abu ɗaya ba, kuma gara a faɗe shi ƙarara. A wurinmu ɗan riƙo ɗa ne, ba a tambayar ta ina aka haɗu. IRS tana tambaya. Ɗan cikinka, ɗan matarka, jikanka, ƙanenka, ɗan wanka ko na ƴar'uwarka, da yaron da kotu ko hukuma ta danƙa maka, duk suna shiga sahun farko. Ɗan abokinka ko ɗan ɗan baffanka ba ya shiga. Shi sai ta ƙofa ta biyu: ya zauna a gidanka shekara cur, kai ka ɗauki fiye da rabin nauyinsa, kuma samunsa a 2025 bai kai dala 5,200 ba. Ke nan ɗan riƙon da ya yi aikin hutu irin na misalinmu ya samu dala 6,000 ya fita daga takardar mai riƙonsa, ko da a gidan yake ci yake kwana. Ko ya shiga ma, wannan ƙofa ba ta kai wa ga EITC.

Ƴaƴan da aka bari a Maradi, Tawa ko Madawa kuma, ko kai ke aika musu komi, in ba ƴan ƙasar Amurka ba ne ko mazaunanta, ko mazauna Kanada ko Meziko, ba sa shiga takardarka. Wannan na da ciwo ga uban da ke hana kansa barci don su, amma haka dokar take.

Sai abin da ake yi a raɗe, wanda kowa ya sani: aron yaro. Mai ƴaƴa da yawa ya ba wanda ba shi da su lambar ɗa ɗaya, a raba abin da aka samu. Wannan zamba ce, kuma ranar da yaron ya fara aiki ya cika takardarsa da adireshinsa na gaskiya, zaren na iya fara warwarewa. Wanda aka kama da sakaci ana hana shi EITC shekara 2, wanda aka kama da zamba shekara 10, ban da maido da kuɗin da tara. Mai neman zama ɗan ƙasa kuma ya tuna cewa takardar N-400 tana tambaya a kan haraji. Lambar yaro amana ce a hannun iyayensa, da ita zai nemi aiki, gida da bashin karatu har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin da ba a yanke komi ba

Ba kowane yaro ne ke da rara ba, wani shi ake bi. Yarinyar da ke kitso a gida, yaron da ke yankan ciyawa, kwashe ƙanƙara, gyaran salula ko sayar da kaya ta intanet, doka na kallon su a matsayin masu sana'ar kansu. Da zarar ribar shekara ta kai dala 400, cika takarda ya zama dole, kuma akwai harajin kashi 15.3 cikin ɗari na fansho da inshora, domin babu uban gidan da zai biya rabi. Ribar dala 3,000 na jawo wajen dala 424, ko da harajin samu bai hau kanta ba. Haka ma yaron da kamfani ya ba takardar 1099 maimakon W-2. Wanda ya san haka tun farko zai riƙa ware wani abu gefe, ya kuma rubuta abin da ya kashe wajen sayen kayan aiki, don a kan riba ake lissafi.

Ƴan kasuwarmu da ke ɗaukar ƴaƴan jama'a aiki suna biyan su hannu da hannu su ma su ji. Yaron da ba a rubuta shi ba ya rasa makin fansho, ya rasa shaidar aiki, in ya ji rauni kuma da wuya ya samu abin kamawa. Dokar tarayya ta ce ɗan shekara 14 ko 15 ba ya wuce sa'o'i 3 a ranar makaranta, 18 a makon karatu. Ga mai shago da ke aiki da ɗan cikinsa akwai sauƙi: in sana'ar tasa ce shi kaɗai, ba kamfani ba, albashin ɗansa da bai kai 18 ba ba a cire masa kashi 7.65 ɗin nan. Bin hanya a nan ya fi kauce mata riba.

Tsoro, da masu cin kasuwar tsoro

Mun san abin da ke hana wasu gidaje motsi. Tun da IRS ta ƙulla yarjejeniyar musayar bayanai da hukumar shige da fice a Afrilun 2025, batun da ya kai gaban kotu, mutane da dama ke ɗari-ɗari da duk wata takardar gwamnati. Ba za mu ce tsoron ba shi da tushe ba. Gidan da ke da wanda takardunsa ba su cika ba ya nemi lauyan shige da fice kafin ya yanke shawara, kada ya dogara da saƙon murya na WhatsApp. Amma yaron da aka haifa a can ko yake da katin zama, wanda ya yi aiki da lambarsa, mai aikinsa ya riga ya aika wa gwamnati kwafin W-2 ɗinsa. Ƙin cika takarda bai ɓoye shi ba, kuɗinsa kawai ya bari.

A kan wannan tsoro da ƙarancin turanci ne wasu masu cika wa mutane takarda ke kiwo. Alamominsu sanannu ne: ya yi maka alkawarin kuɗi mai yawa tun bai ga takardunka ba, ya ce ladansa kaso ne na abin da za a maido, ya ƙi sa hannu, ko ya sa asusunsa maimakon naka. Doka ta wajabta wa duk mai cikawa don kuɗi ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN. In ya ƙi, a tashi. Kasancewarsa ɗan gari ko abokin sahu a masallaci ba ya canza komi, domin ranar da wasiƙar IRS ta zo sunan mai takarda za ta ɗauko. Takardar yaro mai W-2 ɗaya ba ta ma kai a biya kowa ba. Shirin Free File na IRS kyauta ne, haka cibiyoyin VITA da ake buɗewa a dakunan karatu da cibiyoyin unguwa domin masu ƙaramin samu da waɗanda turanci bai wadace su ba.

Kuɗin na wane ne?

Saura tambayar da ba a son yi. In rarar ta fito, ta wace ce? A doka ta yaron ce, guminsa ne aka riƙe. A tarbiyyarmu kuma ɗa na kawo abin da ya samu gaban iyaye don neman albarka, kuma ba mu ga laifin haka ba. Abin da muke ƙi shi ne a karɓa bai sani ba, a sa asusun wani a takardarsa, ya girma ya gano da kansa. Yaron da aka nuna wa lissafi, ya ɗauki dala 100 da hannunsa ya ce a aika wa kaka, ya koyi zumunci. Wanda aka yi wa ɓoye ya koyi ɓoyewa, kuma shi ne zai cika takarda a asirce baɗi.

Mu na gida ma da namu. Kafin mu buga waya mu ce mun ji an fara rabon kuɗin haraji, mu sani ba rabo ba ne. Albashin mutum ne da aka riƙe, wani lokaci na yaron da ya yi hutunsa a tsaye gaban tukunyar suya.

Abin yi kafin 15 ga Afrilu kaɗan ne. A zauna a gida da W-2 ɗin kowa a kan tabarma ɗaya. A tantance wa zai sa wa. Yaro ya cika tasa, ya yi alama a akwatin, babba ya duba kafin a aika. A buɗe masa asusun banki da sunansa, tare da na uba ko uwa in bai kai 18 ba, domin IRS ta fara janye biyan rara da cek na takarda tun ƙarshen Satumban 2025, kuma wanda ya aika ta intanet yakan ga kuɗinsa cikin kwana 21. Mai aikowa gida ya tuna cewa daga 1 ga Janairun 2026 akwai harajin kashi 1 cikin ɗari a kan aiken da aka biya da tsabar kuɗi, wanda aka cire daga asusun banki kuwa babu. In kuma yaron bai hau haraji bara ba, ba ya sa ran hawa bana, yana iya bayyana haka a takardar W-4 da yake cikawa ranar kama aiki, a daina yanke masa tun farko, ya riƙa sabuntawa kowace shekara kafin 15 ga Fabrairu.

Ƙungiyoyin ƴan Nijar a Amurka sun iya haɗa gudummawar biki da ta kai gawa gida. Muna kira gare su, da limaman masallatanmu na can, su ware yini ɗaya a watan Fabrairu ko Maris, su gayyato masu aikin sa kai na VITA, a yi bayani da Hausa da Zabarmanci, iyaye da ƴaƴa a zaure ɗaya. Ɗalibanmu da suka karanta lissafin kuɗi a jami'o'in can su karɓi horon VITA, kyauta ake ba da shi. Matambayi ba ya ɓata, kuma yaron da ya cika takardarsa ta farko a gaban mahaifinsa, gobe shi zai duba ta mahaifin.